Babur ya fara hayaƙi da shan baƙin mai: ringi, borin, sabon bulok ko wani injin?

Da safe ka buga kik, salansa ta feso hayaƙi shuɗi-shuɗi. Juye bai fi sati biyu ba, amma da ka zaro sandar awon mai sai ka ga ya sauka ƙasa da layi. Ka ɗauki mutum da buhun masara, mashin ya kama nishi tun kafin ka fita Ƙofar Ƙaura. A wurin gyara bakanike ya ce ringi ne, wato zobban da ke jikin fistan, na kusa da shi ya ce sai an yi borin, wato a faɗaɗa ramin silinda, mai shagon kayan gyara ya sauko maka da sabon bulok, wato gidan silinda da fistan ke hawa da sauka a ciki, a kwali, wani kuma ya ja ka gefe ya ce yana da inji na hannu mai lafiya. Duk huɗun gyara ne na gaske, sai dai kowanne da ciwon da yake magani, kuma wanda ya zaɓa kafin ya auna yakan biya kuɗin aiki sau biyu.

Bayanin nan ya shafi injuna masu silinda ɗaya da baƙin mansu yake zaune a cikin inji: Boxer, roba-roba na 100 da 110 irin su Jincheng da Haojue da Lifan, da kuma dangin CG na 125 da 150. Tsohon Jincheng samfurin AX100 daban yake, domin shi tare yake ƙona mai da fetur, hayaƙi ɗabi'arsa ce.

Fara tabbatar da inda ciwon yake

Launin hayaƙi da lokacin fitarsa suna faɗin abu da yawa. Baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen fetur daga kabureta yake, ko daga matatar iska da ta toshe. Wannan ba ya buƙatar a kwance inji. Shuɗin hayaƙi da ke fita da sanyin safiya kawai, ya ɗauke bayan minti biyu ko uku, yawanci sil ɗin bawul ne ya bushe, mai yana tsiyaya cikin silinda da dare. Ƙananan robobi biyu ne, kuma suna cikin mafi arha a kayan inji. Wanda ke nuna ringi ko bulok shi ne shuɗin da ba ya ɗaukewa, yana ƙaruwa duk lokacin da aka murɗa totur, fulogi kuma ya fito baƙi, jiƙe da mai.

In ana da agogon awon matsi, a ɗumama inji, a cire fulogi, a buɗe totur gaba ɗaya, a buga kik sau biyar ko shida. Lafiyayyen ƙaramin inji yakan kai 150 psi ko ya haura. In ya sauko wajen 100, ƙarfi ya tafi. Sai a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake awo. In allura ta hau sosai, man ya toshe giɓin da ke tsakanin ringi da bango ke nan, ciwon yana can. In ba ta motsa ba, bawul ne ke yoyo, kuma ko sabon bulok aka saka ba zai warke ba sai an wasa bawul.

Bayan an cire tof, wato kan silinda mai ɗauke da bawul, da bulok akwai awo uku da suke yanke hukunci, kuma fila-geji, wato siraran ƙarafan awon giɓi, kaɗai suke buƙata, da farce.

Na farko, a bi bangon silinda da farce. In farce ya tsaya a wani tudu kusa da bakin sama, ko ya faɗa cikin zane mai tafiya daga sama zuwa ƙasa, bangon ya ci.

Na biyu, a saka sabon ringi shi kaɗai cikin silinda, a daidaita shi da kan fistan don kada ya karkace, a auna giɓin bakinsa a sama, kamar santimita ɗaya ƙasa da baki, sannan a tura shi can ƙasa inda ringi ba ya kaiwa a sake aunawa. A waɗannan injuna sabon giɓi yakan kasance tsakanin milimita 0.10 da 0.35, kuma 0.50 ita ce iyaka a yawancinsu. Bambancin awon biyun shi ne abin lura: giɓin ringi yana ƙaruwa da kusan ninki uku na abin da rami ya faɗaɗa, saboda haka in na sama ya fi na ƙasa da 0.30, silinda ta ci kusan 0.10 ke nan, ta kai ƙarshenta.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa. A juya inji kon-rod, wato sandar da ke riƙe da fistan daga ƙasa, ya hau sama, a kama shi da yatsu a ja sama a danna ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne. Motsi sama da ƙasa kuwa, ko kaɗan ne, yana nufin boris ɗin gindinsa ya mutu, kuma duk abin da aka ɗora a kansa, sabo ne ko tsoho, ba zai daɗe ba.

Ma'aunin zaɓi

Abu huɗu za a duba. Kuɗi, wanda ya haɗa kayan da za a saya da ladan bakanike da kwanakin da babur zai yi a ajiye, domin ga ɗan acaba kwana uku babu fita asara ce da za a lissafa. Ƙarko, wato tsawon lokacin da gyaran zai riƙe a ƙurar nan tamu da zafin bazara da kan haura digiri 40. Sauƙi: shin mai babur zai iya da sufanunsa a ƙofar gida, ko sai an dogara da hannun wani? Sai kasada, wato ta inda aikin yake ɓaci. Maganar farashi, tun da aka cire tallafin fetur aka kuma saki darajar naira a 2023, kuɗin kayan gyara ba ya zama wuri ɗaya, don haka jerin tsadarsu ya fi amfani a riƙe, a tambayi shago biyu ko uku ranar da za a saya.

Canza ringi kawai

Shi ne mafi arha: saitin ringi, gaskit na tof da na gindin bulok, kilif biyu na fin ɗin fistan, da baƙin mai. Wanda ya iya saita tayamin zai gama da kansa tsakanin hantsi da la'asar.

Yana aiki ne da sharaɗi ɗaya, cewa bango yana da lafiya: babu tudu, babu zane, awon sama da na ƙasa sun yi kusa da juna. Irin wannan yakan faru ga injin da ya yi zafi sau ɗaya ringi ya saki, ko wanda kunkunniya ta daskarar da ringin mai a cikin raminsa saboda jinkirin juye. A nan sabon ringi yana dawo da inji hayyacinsa, ya kuma daɗe. Amma a duba ramukan fistan ɗin su ma. In fila-geji na 0.10 ya shiga tsakanin ringi da leɓen raminsa cikin sauƙi, fistan ya gama, a haɗa da shi a saye.

Bangon da ya yi sumul kamar madubi ba ya barin sabon ringi ya zauna. A goge shi da samfefa mai laushi, lamba 320 ko 400, da ɗan kananzir, ana karkata hannu yadda zanen zai gitta juna, ba sama da ƙasa ba.

Kasadarsa a fili take. Zagayayyen ringi a ramin da ya koma kamar ƙwai ba zai taɓa rufewa ba. Hayaƙi zai ragu na ɗan lokaci, sannan ya dawo, kuma in akwai tudu a sama, sabon ringi mai kaifin baki yana iya dukansa ya karye ya yage bangon gaba ɗaya. Akwai wata dabara da ya kamata a ƙi ko da bakanike ya rantse da ita: saka ringin da ya fi na asali girma da milimita 0.25 a ramin da ba a faɗaɗa ba, bayan an goge bakinsa da zarto. Lanƙwasarsa ba ta dace da ramin ba, gefe biyu kawai yake taɓawa.

Borin da fistan mai ƙarin girma

A nan ana kai bulok wurin mai injin borin ya faɗaɗa ramin ya dawo zagayayye, a saka fistan da ringi da suka fi na asali girma. Matakan su ne 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00 na milimita. A ɗauki mafi ƙanƙantar matakin da zai share lalacewar, saboda kowane mataki da aka tsallake rai ɗaya ne aka rage wa bulok. Bayan 1.00 sai dai a sa sabon silif, wato bututun ƙarfen da ke cikin bulok, ko a sauya bulok.

Kuɗinsa matsakaici ne: fistan da ringi da fin, ladan borin, gaskit, mai. Yawanci yana ƙasa da sabon bulok mai kyau, ko da yake yakan zo kusa da farashin na arha. Babur zai kwana ɗaya ko biyu a kwance, fiye da haka in sai an aika bulok wani gari.

A ƙarko, in aikin ya yi kyau, wannan ne zaɓin da ya fi cancanta ga bulok ɗin da babur ya zo da shi daga kamfani. Ƙarfensa yakan fi na yawancin bulok masu arha da ke cikin kwali, ya riga ya sha zafi ya zauna, kuma babu shakkar ko zai dace da inji.

Duk kasadar tana hannun mai borin, saboda haka a lura da yadda yake karɓar aiki. Ƙa'ida ita ce a sayi fistan tukuna, a kai shi tare da bulok, ya auna shi ya yanka rami daidai da shi. Wanda ya karɓi bulok shi kaɗai ya ce a dawo anjima, da ka yake aiki. Tazarar da ake nema tsakanin fistan da bango ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.04 ba, ƙasa da kaurin gashin kai. In ta matse, a cikin gari ba za a gane ba. Sai ranar da aka kama doguwar hanya, irin ta Katsina zuwa Daura da tsakar rana, fistan ya kumbura da zafi ya kame, tayar baya ta ja birki da kanta. In ta yi sako-sako, za a ji ƙwas-ƙwas da sanyin safiya, mai kuma ya ci gaba da tafiya. Gwajin da kowa zai iya a gaban mai aikin: a shafa ɗan mai, a saka fistan babu ringi, ya riƙa zamewa a hankali da nauyin kansa, bai faɗo ba, bai kuma tsaya ba. A leƙa ramin a hasken rana, a ga siraran zane masu gitta juna. Su ke riƙe mai.

Da an dawo da bulok gida, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ana gogawa da farin ƙyalle har ƙyallen ya daina baƙi, a busar a shafa mai nan take kada ya yi tsatsa. Fetur kaɗai ba ya ɗauke garin dutsen da aka goge ramin da shi, kuma wannan garin in ya zauna shi zai cinye sabon ringi a satin farko.

Sabon bulok da fistansa a kwali

Wannan ne mafi sauri. A saya da safe, a ɗaura da rana, babu jiran kowa, kuma mai babur zai iya da kansa kamar yadda zai iya canza ringi. Ga wanda ke ƙauyen da babu mai borin, ko wanda bulok ɗinsa ya tsage, ko zaren noti ya zube, ko ya riga ya kai 1.00, babu wani zaɓin da ya fi shi.

Matsalarsa kasuwa. Kayan da ke zuwa mana ta Kano da Nnewi aji-aji ne, daga gangariya zuwa jabun da kwalinsa ya fi ƙarfensa kyau, kuma farashinsu ya yi nisa da juna ƙwarai. Mai kyau yana kai ƙarkon na asali. Na arha silif ɗinsa taushi ne, fistan ɗinsa ba a auna shi da ramin ba, kuma da wuya ya kai hunturu biyu a hannun mai aiki kullum. In kuɗin da ke hannu na mai arha ne kawai, borin ya fi.

A tafi shago da tsohon bulok da tsohon fistan a hannu, a jera su. Faɗin rami: roba-roba na 100 milimita 50 ne, na 110 kuma 52.4, CG 125 yana da 56.5, CG 150 yana da 62. Kaurin fin: 13 a roba-roba, 15 a CG 125. Boxer yana da samfuri fiye da ɗaya kuma kayansu ba sa shiga juna, don haka sunan kaɗai bai isa ba. A gwada tsayin bulok biyun a kan teburi, a duba nisan fin zuwa kan fistan, a hura ramin da mai ke bi ya hau tof a tabbatar ba a toshe yake ba. Giɓin ringi ma a auna shi, ko da sabo ne fil.

A nan ne kuma kwaɗayin ƙarin ƙarfi yake shigowa: a ɗora bulok na 110 a kan injin 100, ko na 150 a kan 125. Tafiyar fistan ɗaya ce a kowane ɓangaren, milimita 49.5, shi ya sa abin yake yiwuwa. A roba-roba sauyin ƙarami ne, yawanci yana zama lafiya. Daga 125 zuwa 150 kuwa sai an duba ko siket ɗin silif zai shiga bakin inji, a ƙara girman jet na kabureta don kada inji ya yi ƙishin fetur ya yi zafi, a kuma san cewa kuloci da kon-rod za su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba. Ga babur ɗin neman abinci, ƙarin fetur da ƙarin zafi sun fi ƙarin ƙarfin yawa.

Wani injin gaba ɗaya

Shi ne mafi tsada da nisa, sabo ne ko na hannu, kuma bai kamata a yi maganarsa ba sai ciwo ya sauka ƙasa: kon-rod yana motsi, giya tana fita da kanta, an ga ɓurɓushin ƙarfe a man da aka juye, ko inji ya buga har ya fasa jikinsa. Ko a nan a fara lissafa kuɗin sabon kiranshaf, wato ƙarfen da kon-rod ke juyawa a ƙasan inji, da boris da ladan raba inji biyu, don sau da yawa hakan ya fi sauƙi.

Ɗaura shi ba wuya in ramukan notinsa sun dace da firam, amma wayoyi kan ba da wahala, domin wani injin CDI ɗinsa, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, daga koyil yake shan wuta, wani daga batir. Na hannu kuwa, ciki ba a gani. A buɗe notin juye a murza man a yatsa a rana, a kama magineto a girgiza a ji ko yana motsi, a bi giya ɗaya bayan ɗaya, kuma in mai shi ya ƙi a tayar da shi a gabanka, ka bar masa kayansa.

Babbar kasadar ma ba ta ƙarfe ba ce. Kowane inji yana da lamba a jikinsa, kuma ita ce a rasit da takardun babur. A jiharmu ta Katsina, inda matsalar tsaro ta sa a 2021 gwamnati ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, babur mai lambar da ba ta dace da takarda ba yana iya jefa mai shi cikin abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kada a karɓi injin da aka kankare lambarsa ko da kyauta ne. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar da sunan mai sayarwa, a gaban shaidu, a je a gyara takardu, a kuma adana rasit ɗin tsohon injin.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babbar kasada |
|---|---|---|---|---|
| Ringi kawai | Mafi arha | Mai kyau in bango lafiya yake | Da kanka, yini ɗaya | Hayaƙi ya dawo in rami ya ci |
| Borin | Matsakaici | Kamar sabo in an auna daidai | Sai da mai borin, kwana 1 zuwa 2 | Matsewa ko sako-sako |
| Sabon bulok | Ya danganta da ajinsa | Gangariya ya daɗe, jabu a'a | Da kanka, yini ɗaya | Jabu, ko wanda bai dace ba |
| Wani inji | Mafi tsada | Sabo ya daɗe, na hannu sa'a | Ɗaurawa da sauƙi, wayoyi da wuya | Lamba da takardu, ɓoyayyen ciwo |

Wajen haɗawa, da abin da ya kashe na farkon

Ukun farko haɗinsu ɗaya ne. A cusa tsumma a bakin inji kafin a taɓa kilif, don in ya kuɓuce ya faɗa ciki sai an raba inji. Kilif sabo, gaskit sabo, kuma kada a lafta gam, yana matsewa ya toshe hanyar mai. Harafin da ke jikin ringi ya kalli sama, bakunansu a rarraba su kusurwa uku, kada ɗaya ya zauna saitin fin. Rubutun IN a kan fistan ya kalli wajen kabureta. A ɗaure notin tof a gicciye, kaɗan-kaɗan. A roba-roba da Boxer a daidaita alamar T ta magineto da alamar da ke jikin sufuroket na kam kafin a saki cen. CG ba shi da wannan cen ɗin, sanduna ke tura masa bawul. A saita bawul inji yana sanyi, milimita 0.05 a roba-roba, 0.08 a CG. Kilomita 500 na farko kada a wuce gudun 50, kada a ɗauki kaya mai nauyi, kada a bar shi yana aiki a tsaye cikin rana, sannan a juye mai a zuba sabo mai lamba 20W-50.

Duk wannan banza ne in ba a toshe ƙofar da ɓarnar ta shigo ba, kuma a ƙasar Katsina da Daura ƙofar kusan kullum ɗaya ce: ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska cike take da ita, hanyoyin ƙauye kuwa duk rani. Ƙurar da ta haɗu da mai a bangon silinda samfefa ce. A ciro robar da ta haɗa akwatin matatar iska da kabureta a lanƙwasa ta a rana. In ta tsattsage, ko aka shafa yatsa a cikinta ya fito da gari, ta nan injin ya mutu. Matatar soso a wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a shafa mata baƙin mai kaɗan, a hunturu duk sati ɗaya ko biyu. Ta takarda ba a wanke ta, ba a sa mata mai, sauya ta ake yi. Masu cire matata wai don mashin ya ƙara gudu, su ne suka fi kowa zuwa wurin mai borin.

Wane ne zai ɗauki wanne

Ma'aikaci ko ɗalibin da tafiyarsa ba ta wuce cikin gari ba, aka buɗe aka tarar bango sumul babu tudu: ringi da sil ɗin bawul sun ishe shi.

Ɗan acaba mai Boxer da bulok ɗin kamfani, wanda rami ya ci amma kon-rod yana nan daram: borin a 0.25 ko 0.50 da fistan mafi kyau da kuɗinsa za su iya saya, in ya san mai borin da ke auna fistan. In bai san irinsa ba, ko ba zai iya ajiye babur kwana biyu ba, sabon bulok gangariya, ba na arha ba.

Manomi ko mai kai kaya kasuwar Mai'adua daga ƙauyen da ke nesa da masu injin borin: sabon bulok na girman asali, tare da sabuwar matata da robarta a saye ɗaya.

Wanda zai sayar da babur nan kusa, ya gyara abin da awo ya nuna, ya faɗa wa mai saye abin da aka taɓa.

Wanda kon-rod ɗinsa ke motsi sama da ƙasa, kada ya sayi ko ɗaya daga cikin ukun farko tukuna. Ya sa a raba inji a ga kiranshaf da giya, ya haɗa kuɗinsu da na bulok a takarda ɗaya, ya ajiye ta kusa da farashin wani injin mai rasit.